DOKA TA SAN HANYAR MADAFA

Sau da yawa idan aka ɗauko zancen haraji, ko lasisi, ko wata takardar hukuma, sai ki ji mace ta ce, "Ni ina ruwana? Wannan ai zancen maza ne, su da suke fita." To, 'yar uwa, gyara zama ki sha labari. Tun kafin a haifi kakar kakarki, doka ta san hanyar madafa. Ta leƙa randa, ta taɓa farantin talla, ta shiga gonar gado, kai har ranar ɗaurin aure ba ta bari ba. Wadda ba ta san inda aka fito ba kuwa, da wuya ta gane inda aka dosa.

Mu ɗauki yankinmu na kudancin Jihar Jigawa misali, wato ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, inda garuruwa irin su Kwandiko da Sara da Fagam da Kila da Basirka suke, dab da iyakar Jihar Bauchi. Yau idan wani abu ya taso Dutse muke dosa. Amma kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, duk wannan yanki a ƙarƙashin Kano yake, a mulki da sarauta baki ɗaya. Saboda haka duk wanda zai ba da tarihin dokokin da suka juya rayuwar iyayenmu, dole ya fara daga birnin Dabo.

ZAMANIN SARAKUNAN DA

Tsohon littafin nan na tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne ya fara karɓar jangali daga hannun Fulani masu shanu. Bayansa aka yi Sarki Muhammadu Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, wanda ya fito da hanyoyi guda 7 na tara kuɗi. Cikinsu akwai kuɗin da ake karɓa a Kasuwar Kurmi, akwai kuma kuɗin da ake biya idan za a aurar da budurwa. Kin ji fa! Shekara wajen 300 da suka wuce, yarinya ba ta shiga ɗakin miji sai sarki ya sami rabonsa. Marubucin tarihin da kansa bai ɓoye ba, ya lissafa waɗannan abubuwa a matsayin ƙwace.

Da Sarki Kumbari ya hau a 1731, sai ya ƙara matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har kasuwar ta kusa mutuwa. Shekara ta zagayo ya sa wa mutanen birni, har malamai bai ƙyale ba. Me ya biyo baya? Larabawa 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fantsama ƙauyuka. Wannan shi ne darasi na farko da tarihi ya ajiye mana: idan aka cika tatsar saniya, ƙarshenta jini za a gani a ƙwarya.

Irin wannan zalunci yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta wa'azi a kansu kafin jihadin 1804. A littafinsa Kitabul Farƙ ya jero karɓe-karɓen sarakunan wancan zamani da sunayensu na Hausa: jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwa, da naman da mai kula da kasuwa yake ɗiba wurin mahauta kowace ranar kasuwa, da audugar da ake tsakura daga kayan masu sayarwa. Ki tuna, a wancan lokaci kaɗi sana'ar mata ce. Duk audugar da aka tsakura a kasuwa, a kan mazarin wata baiwar Allah asarar take ƙarewa.

Amma ko bayan jihadi, mulki bai yiwu ba sai da kuɗin shiga. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, zamanin Sarki Usman. Ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace rijiyar rini a karofi wuri 700, kowace bishiyar dabino wuri 600. Sannan ga kuɗin rafi, wanda ake karɓa a kan kayan lambu irin su dankali da gwaza da rizga da rogo. Kin ga ke nan tun a lokacin, abin da uwargida za ta dafa wa yara da hantsi sai da hukuma ta ɗanɗana tukuna.

A kasuwa kuwa akwai tsari. Sarkin Kasuwa yana raba rumfuna, yana raba faɗa. Sarkin Pawa yana lura da abin da ake yankawa. Korama, wadda galibi dattijuwa ce, tana zaune da mudunta tana awo. Duk wannan ba a rubuce yake ba. Izini a baki yake, shaida kuma mutane ne. Idan mai unguwa ya san ki, ya san mijinki, ya san iyakar gonar ubanki, shi ke nan magana ta ƙare.

DA NASARA YA ZO DA TAKARDA

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, aka naɗa Sarki Abbas. Turawa ba su rushe sarauta ba, sai suka hau kanta suka yi ta mulki da hannun sarakuna. Wani Razdan mai suna Dokta Cargill shi ya yanyanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, har Kanawa suka sa masa suna Mai Gunduma. Hakimai da dama waɗanda a da suke zaune a birni suna aika jakadu, aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya zauna. Birnin Kudu da Gwaram suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Kano.

Sai aka tattara yawancin tsofaffin karɓe-karɓen nan aka mayar da su abu biyu: haraji a kan mutane, jangali a kan shanu. Aka fito da malaman taki masu auna gonaki da sawu. Aka kafa Baitulmali, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fara gwadawa a Katsina, kafin 1911 kuma ya bazu a sauran masarautu. Kuɗi ya riƙa hawa tsani: daga magidanci zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Baitulmalin Kano. Da farko rabi na En'e ne, rabi na gwamnatin Turawa. Wuri ya daina aiki, sai sule da sisi da taro da kwabo da anini.

A nan ne fa takarda ta shigo rayuwar talaka. Wanda ya biya haraji ana ba shi 'yar takardar shaida, kuma wannan 'yar takarda ita ce mutuncinsa a hanya. Idan zai tafi cin rani, ko zai je wata kasuwa, ɗan doka yana iya tare shi ya ce ya nuna. Shi ya sa tsofaffi suke naɗe ta su cusa a cikin hula ko a laya.

Sunan namiji ake rubutawa a littafin haraji, amma wa ya san zafinsa kamar mace? Haraji da kaka ake karɓarsa, kuma da tsabar kuɗi. Shekarar da damina ta yi gardama, ko fara ta sauka, mai unguwa ba zai koma wa dagaci hannu rabbana ba. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci, ko a ɗaure shi, har sai an kawo kuɗi. To wa zai kawo? Matarsa ce za ta kwance akuyarta, ko ta cire tasa daga jeren ɗakinta, ko ta fito da kuɗin zaren da ta yi wata da watanni tana tarawa, don kada uban 'ya'yanta ya kwana a wulaƙance. Mata da yawa sun biya harajin da ba a taɓa rubuta sunansu a kansa ba.

Ina kuɗin yake tafiya? Da shi ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka, da shi aka gina makarantu da asibitoci da hanyoyi. A 1931 aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na birnin Kano da kuɗin En'e. Abu ne mai kyau, amma matar da take Kwandiko, fiye da kilomita 100 daga birni, wadda akuyarta ta shiga cikin wannan kuɗi, ta ci gaba da jan guga a rijiya. Wannan ƙorafi na mutanen karkara yana cikin abin da ya sa daga baya aka yi ta neman a kawo gwamnati kusa.

DUBA-GARI DA MAI LAMBA DA MALAMIN DAJI

Cikin ma'aikatan En'e, babu wanda mata suke tsoro kamar duba-gari. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda ake horar da su. Aikinsu shi ne su duba rijiya da kwata da mahauta da masai, su leƙa randa ko akwai ƙwarƙwaron sauro, su ga ko an bar kwatami yana wari. Wadda aka samu da laifi, mijinta zai tsaya gaban alƙali ya biya tara. Da an ji duba-gari ya shigo gari sai gida ya rikice, wannan ta ɗauki tsintsiya, waccan ta tuntsurar da tsohon ruwa, wata ta tura tsummokara ƙarƙashin gado. A gidajen kulle kuwa abin ya zama rigima, don shigar baƙon namiji cikin gida ba ƙaramin abu ba ne.

Haka masu lamba, wato masu rigakafin agana. Iyaye mata sun sha ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko a bayan zana don kada a tsaga musu hannu. Amma fa agana cuta ce da take kashe yara da rani, wanda ya tsira kuma ta bar shi da zanzana a fuska ko makanta. Da aka dage da lamba a duniya baki ɗaya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an gama da agana. Yau 'yarki ba ta ma san sunan cutar ba. Wannan shi ne darasi na biyu: ba kowace doka mai ɗaci ce mugunta ba, magani ma ai ɗaci gare shi.

Sai malamin daji. Dokar gandun daji ta hana sare wasu itatuwa ba tare da izini ba, ko da a cikin gonar mutum suke, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Maza sun ji haushin wannan doka, kuma gaskiya wasu malaman daji sun mayar da ita hanyar cin ƙwalama, a kama mutum da reshe ɗaya a ce sai ya ba da kaza. Amma ki tsaya ki yi tunani. Daga ina kalwar daddawa take fitowa? Daga ina man kaɗe? Da me ake kunun tsamiya? Itatuwan nan bankin mata ne. Dubi yadda masu gawayi suke cinye daji a zamaninmu, ki dubi kuɗin da ake sayar da mudun kalwa, sai ki gane wa dokar take karewa.

LASISI DA IZININ TARO

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ita take yanke farashi kowace kaka, kuma ba mai saya mata sai wanda ta bai wa lasisi, irin su gidan Alhassan Ɗantata da kamfanonin Turawa. Manomi ba shi da ta cewa a kan farashi. Abin da ya rage a gida shi mata suke soyawa su matse, su fitar da mai da ƙuliƙuli, kuma da wannan sana'a aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya dalar gyaɗa, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya.

Ban da wannan akwai lasisin keke, ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin keken, da lasisin bindigar farauta, da kuɗin rumfa a kasuwa, da kuɗin yanka a kwata. Har taron jama'a sai da izinin En'e. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wannan doka ta izinin taro ta zama sandar dukan 'yan adawa: a nemi izini a hana, a yi taro a kama.

A nan ne sunan Hajiya Gambo Sawaba ya fito. An haife ta a 1933, ta taso a Zariya, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar mata. Ta zo Kano tana bi gida-gida tana yi wa matan kulle bayani a kan haraji da aikin tilas da auren wuri da ilmin 'ya mace. Aka kama ta tare da mata masu yawa bisa laifin yin taro ba izini, aka ɗaure su, daga baya ma aka kore ta daga Kano. Masu tarihi sun ƙirga cewa sau 16 tana shiga gidan yari kafin rasuwarta a 2001. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Duk ranar da kika dangwala yatsa a takardar zaɓe, ki sani wata ce ta sha ɗauri a kan wannan.

SHEKARU UKU DA SUKA JUYA AL'AMURA

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul. En'e ta kau, aka kawo ciyaman da kansiloli da sakatariya. Tun kafin nan, a ƙarshen shekarun 1960, an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Yau Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jigawa tana da 27. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu a jadawali na 4: kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwata da maƙabartu, ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure.

A watan Maris na 1978 aka kafa dokar mallakar ƙasa. Ta ce duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. A birni gwamna ne yake ba da takardar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma take da ikon ba da shaidar riƙon gona. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin Musulunci ya ba ki rabonki na gado. Mata nawa ne aka ce musu, "Bari yayanki ya riƙe miki," shekara ta bi shekara, dattawan da suka san iyaka suka rasu, 'ya'yan yaya suka tashi suka ce ba su san zancen ba? A zamanin da, shaidar baki ta isa. A zamanin yanzu, kotu takarda take fara tambaya.

A ranar 1 ga Oktoba, 1979, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya zama gwamnan Jihar Kano, gwamnatinsa kuma ta soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Wannan shi ne burin da Malam Aminu Kano da mutanensa suka yi kusan shekara 30 suna fafutuka a kai. A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, wannan ce kaka ta farko da mace ta kwana ba ta tunanin za a zo a kwance mata akuya. Amma gwamnati ba ta tafiya ba kuɗi, don haka a shekarun da suka biyo baya karɓe-karɓe suka riƙa dawowa da sababbin sunaye.

ZAMANIN SOJA DA FARANTIN TALLA

A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Buhari da Janar Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Aka koya wa mutane bin layi da bulala. A 1985 aka ƙara da tsabtace muhalli, har ya zama ranar Asabar ta ƙarshen wata ba fita da safe sai shara. An rushe rumfuna da kes-kes na bakin titi, masu tuyar ƙosai da waina da yawa suka rasa wurin zama.

A cikin waɗannan shekaru na 1980 ne gwamnatin soja ta Jihar Kano, lokacin muna cikinta, ta kafa dokar hana ƙananan 'yan mata talla. Niyyar mai kyau ce, don kowa ya san abin da yake samun yarinya a tasha da gareji da zauren samari, ga kuma makarantar da take rasawa. Amma dokar ba ta yi ƙarko ba. Me ya sa? Wata baturiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa matar kulle da ƙafar 'yarta take kasuwanci: yarinya ce take sayo kaya, ita take kai wa masu saye, kuma ribar ita ake tarawa a yi mata kayan ɗaki. Aka hana talla, ba a bai wa uwa wata hanya ba, ba a rage nauyin gara da jere ba. Darasi na uku ke nan: dokar da aka yi ba a tambayi mata ba, a bakin zaure take tsayawa.

TAKARDUN ZAMANINMU

Bayan an sami Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram suka koma ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma ɗan yankin nan, Alhaji Ali Sa'ad Birnin Kudu, shi ne gwamnan farar hula na farko a 1992. A wannan shekara ta 1992 aka kafa dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60, kuma a wannan tsakani kyauta ne. Wato ko kin gama arba'in kina da sauran kwana 20. Wannan takarda ita za a nema ranar shiga makaranta, da ranar neman lambar ɗan ƙasa, da ranar yin fasfo.

A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da guba. Wannan masifa tana cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993, wadda ta yi suna sosai zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008. Duk da haka daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya hallaka yara 84. Saboda haka 'yar lambar nan da kike gani a jikin kwalba, da rayukan 'ya'yan wasu aka saye ta. Idan kuma ke ce kike haɗa yaji ko sabulu ko man shafawa, har sana'a ta kai ki ga ɗurawa a mazubi da liƙa suna don kai wa kantuna, to ki san rajista tana jiran ki, gara ki neme ta da kanki kafin a zo a kwashe miki kaya.

A 1998 aka fito da wata doka da ta jero irin kuɗin da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowacce za ta karɓa, ta kuma hana datse hanya don karɓar haraji. An yi ta ne saboda kukan 'yan kasuwa cewa buhu ɗaya ana biya masa kuɗi sau uku kafin ya isa kasuwa. A 2024 kuma Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure. Dubi ikon Allah: Sarki Sharefa ya tsaya a ƙofar amarya yana neman kuɗi, yau hukuma ta tsaya a ƙofar tana neman takardar asibiti. Ƙofa ɗaya ce, amma niyya ta bambanta.

ABIN DA ZA KI ƘULLE A BAKIN ZANE

To 'yar uwa, me muka tsinta a wannan doguwar tafiya? Doka iri biyu ce. Akwai wadda take kare ki, irin ta lamba da ta ɗorawa da ta lambar magani. Akwai kuma wadda aka fake da ita ana cin guminki, irin ta Kumbari. Wani lokaci ma doka ɗaya ce, mai riƙe da ita ne yake mayar da ita ko inuwa ko bulala. Hanyar rarrabewa ita ce tambaya: wa ya sa wannan kuɗi, nawa ne, ina rasit?

Idan kin aiki yaro kasuwar Sara da awaki ko buhun riɗi, aka karɓi kuɗin shiga, ki ce ya karɓo rasit mai hatimin ƙaramar hukuma. Kuɗin da ba rasit aljihun wani ya tafi, ba zai taɓa zama rijiya ko ɗakin haihuwa ba. Idan an raba gado, a rubuta rabonki, a sa iyakoki, shaidu su sa hannu, dagaci ya sani, ko da kuwa ɗan uwanki ne zai ci gaba da noma miki. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumuncin 'ya'yanku ne a gaba. Idan ƙaddara ta kawo rabuwar aure, ki riƙe takardarki. Idan kin haihu, ki tuna wa maigida da takardar haihuwa tun kafin naman suna ya ƙare. Ki nemi leda mai kyau ki haɗa su duka, ki sa a ƙasan akwati inda gara da ruwa ba sa kaiwa.

Sannan uwa-uba, ki bar 'yarki ta yi karatu. Kakanninmu sun riƙe takardar haraji a hannu ba su san abin da aka rubuta a ciki ba, malamin haraji ya ce sule 10 ne, ba mai iya musa masa. Yarinyar da ta iya karanta rasit, ta iya duba ranar da magani zai lalace, ta iya rubuta wa kansila takardar koke, ta fi ƙarfin a yi mata wannan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuriya.